Gwajin Maganin Ƙarar Kunne: Abin Da Ya Kamata Ikkilisiya Ta Tambaya

Wata ranar Lahadi bayan an tashi daga sujada, wani dattijo cikin 'yan majami'armu a nan ƙasar Ƙanƙara, wanda ya shafe shekaru yana aikin injin niƙa, ya tsaya har mutane suka ragu, sa'an nan ya zaro wata 'yar kwalba daga aljihu ya miƙo mini. Ya ce a kasuwa ya saye ta, wurin masu tallar magani a mota da lasifika, kuma an tabbatar masa sabon magani ne da Turawa suka gwada, in ya ɗiga a kunne kwana bakwai ƙarar da ta hana shi barci za ta ɗauke. Amma ba wannan ne ya tsayar da shi ba. Mai maganin ya ce masa in aka samu mutum ashirin masu irin wannan ciwo a majami'a, zai zo da kansa ya raba musu kyauta domin a gwada a gani. Baba yana so in sa maganar cikin sanarwar mako mai zuwa.

Na ce masa, "Baba, ku ba ni lokaci in bincika tukuna." Abin da binciken ya nuna mini shi ne nake so in shimfiɗa a gaban masu karatu, musamman fastoci da katikis da dattawan ikkilisiya da shugabannin zumuntar mata, domin a ƙauyukanmu duk wanda ya zo da magani ta bakinmu yake bi ya kai ga jama'a.

Wanda bai taɓa fama da ƙarar kunne ba zai ɗauka wasa ne. Mutum ne zaune lafiya lau, ba ƙurji ba kumburi, amma cikin kansa akwai ƙara wadda ba mai jin ta sai shi. Wani ya ce kamar kukan gyare, wani kamar ana tafasa ruwa, wani kuma kamar busar usur da ba ta yankewa. Da rana hayaniyar duniya takan rufe ta, da dare kuwa in gari ya yi tsit sai ta cika ɗaki. Daga nan sai rashin barci, sai saurin fushi, sai iyali su fara cewa mai gida ya canza hali. Wasu ma sukan ce jifa ne ko iska, a yi ta yawon neman taimako har abin da ke rumbu ya ƙare. Wani babban bincike da aka buga a mujallar JAMA Neurology a shekarar 2022 ya ƙiyasta cewa manya fiye da miliyan 740 a duniya suna jin wannan ƙara, kuma fiye da miliyan 120 daga cikinsu abin ya tsananta musu ƙwarai. Ashe ba ciwon mutum ɗaya ba ne, ba kuwa na ƙasa ɗaya ba.

Likitocin kunne sun bayyana cewa can cikin kunne akwai wani ɗan wuri mai kama da gidan dodon koɗi, a cikinsa akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi, kimanin 15,000 a kowane kunne, waɗanda suke karɓar sauti su aika wa ƙwaƙwalwa. In suka lalace ba sa sake tsirowa. To, idan saƙon da ƙwaƙwalwa ta saba samu ya ragu, sai ta yi abin da mai rediyo yake yi in tasha ta ɓace masa, wato ta ƙara murya tana nema. Shuuu ɗin da rediyo ke yi a lokacin, irinsa ne mai ciwon yake ji. Wannan ne ya sa neman maganin ya yi wuya, domin ko da yake ɓarnar a kunne ta fara, ƙarar a ƙwaƙwalwa take zaune, kuma ruwan da aka ɗiga a ramin kunne ba ya isa can.

Mu a wannan yanki muna da dalilin damuwa da ya fi na wasu. Ƙarar harbin bindiga a kusa takan wuce desibel 140 a ma'aunin sauti, kuma sau ɗaya tak ta isa ta raunata kunne har abada. Tun daren 11 ga Disamba 2020 da aka kwashe ɗalibai daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, waɗanda aka sako 344 daga cikinsu bayan kwana shida, duniya ta san sunan garinmu. Amma mutanen ƙauyukan Faskari da Sabuwa da namu sun san dare irin wannan tun kafin nan, da kuma bayansa. Ana ƙirga waɗanda aka kashe da shanun da aka kora, ba mai ƙirga waɗanda suka tsira da kunnuwa suna kuka. Irin waɗannan mutane, masu ciwo, marasa kuɗi, wasu sun baro gidajensu, su ne kasuwar duk mai kwalba a hannu.

To, yanzu ina aka kwana a kan maganin? Gaskiyar magana, wadda ba ta da daɗin faɗa, ita ce har yau babu wata ƙwaya ko allura ko ruwan ɗigawa da hukumar kula da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta amince cewa yana warkar da ƙarar kunne. Ba don ba a nema ba. A Ingila, masana a Jami'ar Birmingham sun gwada maganin ganyen wani itace da ake kira ginkgo a kan mutum 1,121 har mako 12, suka buga sakamakon a shekarar 2001: bai fi rashinsa ba. Duk da haka har gobe ana sayar da shi da sunan maganin kunne. A 2015 wani kamfanin Ingila mai suna Autifony ya tsayar da gwajin ƙwayarsa tun kafin a kai ƙarshe, saboda an ga ba ta da alamar amfani. Kamfanin Auris Medical na ƙasar Suwizalan ya zo da wani magani, AM-101, wanda ake tsira wa mutum da allura ta fatar dodon kunne, ya yi manyan gwaje-gwaje biyu, ɗaya ya faɗi a 2016, ɗayan a 2018. Na baya-bayan nan da ya ja hankali shi ne OTO-313 na kamfanin Otonomy a Amurka. An gwada shi a kan mutum 153, a watan Agusta 2022 aka sanar bai yi nasara ba, ba a daɗe ba kuwa kamfanin kansa ya rufe. Abin da ya samu amincewar FDA, a watan Maris 2023, na'ura ce mai suna Lenire daga ƙasar Ailan, wadda ke haɗa sauti a kunne da ɗan motsin lantarki a harshe. Ita ma sauƙi take kawo wa wasu, ba warkarwa ba, kuma kuɗinta dubban daloli ne.

Sai mai karatu ya tambayi kansa: abin da ya gagari kamfanoni masu miliyoyin daloli da manyan likitoci, shi ne zai ɓullo a bayan mota a kasuwar ƙauye?

Akwai wani darasi cikin faɗuwar waɗannan magunguna wanda ya kamata mu tsaya a kansa. A gwaji na ƙwarai akan raba majiyyata kashi biyu ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya a ba su maganin, ɗaya kashin kuma a ba su na kwaikwayo, mai kama da shi a ido amma babu kome a cikinsa. Majiyyaci bai san wanne ya samu ba, likitan da ke duba shi ma bai sani ba. Abin mamaki, a gwajin OTO-313 da yawa daga waɗanda aka ba na kwaikwayo sun ce sun sami sauƙi, har bambancin da ake nema tsakanin kashin biyu ya ɓace. Ba ƙarya suka yi ba. Ƙarar kunne takan hau ta sauka da kanta, kuma mutum in ya ga an kula da shi, an saurare shi, hankalinsa yakan kwanta, ƙarar ta rage damunsa. Saboda haka da na yi sanarwar nan mutum ashirin suka ɗiga maganin, ba shakka da an samu waɗanda za su miƙe ranar Lahadi su ba da shaida cewa sun ji dama, da zuciya ɗaya kuwa. Mai maganin ya ɗauki shaidarsu ya tafi kasuwa ta gaba yana cewa an gwada a majami'a. Da mun ba shi aron sunan Ubangiji ya yi talla da shi ba mu sani ba.

Wannan dabara ta kwatanta kashi biyu ba baƙuwa ba ce ga mai karanta Littafi Mai Tsarki. A sura ta fari ta littafin Daniyel, da shi da abokansa uku suka ƙi abincin sarkin Babila, Daniyel ya roƙi wakilin da ke lura da su ya gwada su kwana 10 da kayan lambu da ruwa, sa'an nan a kwatanta su da samarin da suke cin abincin sarki. Akwai ajali, akwai waɗanda za a auna da su. Abin da ya fi burge ni kuma shi ne, waɗanda za a yi gwajin a jikinsu su ne suka nema, da saninsu da yardarsu.

A kan wannan batu na yarda ne mu 'yan Arewa muke da tabo. Waɗanda suka yi wayo a shekarar 1996 za su tuna annobar sanƙarau da ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000. Ana tsakiyar wannan masifa ma'aikatan kamfanin Pfizer na Amurka suka sauka a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano, inda ƙungiyar likitoci ta MSF take jinyar jama'a, suka ɗauki yara kimanin 200. Rabi aka ba su sabon magani mai suna Trovan, rabi kuma wani sanannen magani, ceftriaxone. Yara 11 suka rasu, 5 a kashin Trovan, 6 a ɗaya kashin. Wasu da suka rayu sun kurumce, wasu sun shanye. Domin a yi adalci, sanƙarau shi kansa yana kisa, yana kurumtarwa, kuma kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta yi ɓarnar, cewa kuma an nemi yardar iyaye da baki ta hannun ma'aikatan jinya. Iyaye da dama kuwa sun ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi, sun ɗauka jinya ce irin ta kowa. Bayan jaridar Washington Post ta tono maganar a shekarar 2000, ya fito fili cewa takardar amincewar kwamitin asibiti da aka nuna an rubuta ta ne daga baya aka sa mata tsohon kwanan wata. Shi kuwa Trovan, a 1999 Amurka ta taƙaita amfani da shi, ƙasashen Turai suka dakatar da shi, saboda yana lalata hanta.

Gwamnatin Jihar Kano ta kai ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Sai a watan Agusta 2011, shekara 15 bayan abin ya faru, iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowanne, bayan an yi musu gwajin DNA na tabbatar da dangantaka. A ganina babban laifin da aka yi a Kano ba sai an jira hukuncin likitoci a kan wanne magani ya fi ba. Uwa ce ta kawo ɗanta wuyansa a sanƙare, ba ta iya karatu ba, tsoro ya cika ta, duk wanda ta gani da farar riga za ta miƙa masa. Wanda yake cikin wannan hali ba ya iya cewa a'a, kuma wanda ba ya iya cewa a'a, "to" ɗinsa ba yarda ba ce. Haka nan 'yan gudun hijirar da ke zaune a gidajen 'yan'uwa a Ƙanƙara da Funtuwa suke a yau.

Sai dai kada mu yi irin na wanda maciji ya sara, ya ga tsumma ya zura da gudu. An yi hakan a 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohi, kuma labarin Trovan yana cikin abin da aka riƙa kafa hujja da shi. Kano ba ta koma ba sai a tsakiyar 2004, kafin nan cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita. Yaran da suka gurgunce a wannan tsakani ba su ci ba su sha ba. Gwaji na gaskiya kuwa alheri ne, ga misali wanda ya shafi kunne kai tsaye. Duk wanda aka taɓa yi wa ƙarin ruwa da kwinin saboda zazzaɓin cizon sauro ya san yadda kunne ke toshewa yana ƙara. A 2010 aka kammala wani gwaji a kan yara 5,425 a ƙasashen Afirka 9, har da Ilori a nan Nijeriya, aka kwatanta kwinin da allurar artesunate. Cikin kowane yara 100 da aka ba kwinin kusan 11 sun rasu, a na artesunate kuwa tsakanin 8 da 9. A kan wannan ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa artesunate a gaba wajen jinyar zazzaɓi mai tsanani. Iyayen da suka yarda aka sa 'ya'yansu cikin wannan gwaji sun yi wa 'ya'yanmu hidima.

Ta yaya za mu bambanta? Bayan abin da ya faru a Kano, Nijeriya ta kafa kwamitin ƙasa mai lura da ɗa'ar binciken lafiya, NHREC, ta fitar da ƙa'idojinsa a 2007, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta ƙara masa ƙarfi. Ba a gwada magani a jikin mutum sai da izinin hukumar NAFDAC da na kwamitin ɗa'a mai rajista, irin waɗanda ke manyan asibitocin koyarwa. Dole a bayyana wa mutum, cikin harshen da yake ji, cewa gwaji ne, a gaya masa illar da ake tsoro, a ba shi takarda ya tafi da ita, a kuma sanar da shi cewa yana iya ƙi ko ya janye a kowane lokaci ba tare da an hana shi jinya ba. Shugaban ikkilisiya da aka zo wa da irin wannan magana ya nemi ganin takardun nan da idonsa, ya tambayi wane likita ne da wane asibiti ke bayan aikin, wa zai ɗauki nauyi in wani ya cutu, sa'an nan ya je sashen lafiya na ƙaramar hukuma ya ji ko sun san da zancen. Mai gaskiya ba ya jin haushin tambaya. Kada kuma kalmar "kyauta" ta rufe mana ido, Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Ko lambar NAFDAC da ke jikin kwalba a duba ta da kyau: a magungunan gargajiya, lambar da ta ƙare da harafin L tana nufin an duba ba a ga cutarwa ba ne kawai, ba wai hukumar ta tabbatar yana warkar da abin da aka rubuta ba.

Wani zai ce, to Malam, ka rushe mana fata, sai mu zauna haka nan? A'a. Ba kowace ƙarar kunne ce marar magani ba. Wata dauɗa ce ta toshe kunne, a wanke a asibiti a huta. Wata ciwon kunne mai zubar da ruwa ne, wata tana tafiya da hawan jini. Wadda kwinin ko yawan shan asfirin ya kawo takan tafi in an daina. Amma allurai irin su gentamicin da streptomycin, waɗanda ake tsira wa mutane barkatai a wasu shagunan magani da zarar an ce zazzaɓi ko taifot, suna iya kashe kunne har abada, don haka kada a karɓe su sai likita ya rubuta. Wanda jinsa ya ragu, na'urar ƙara ji takan danne ƙarar sosai. Wanda dare ke yi wa tsawo, ya bar rediyo a kunne ƙasa-ƙasa. An kuma tabbatar cewa zama da masanin da zai koya wa mutum yadda zai daina tsoron ƙarar yana rage wahalarta fiye da duk ƙwayoyin da aka gwada. A nan ikkilisiya tana da abin yi, ko da sauraro ne da addu'a da daina ce wa mai ciwo rashin bangaskiya ne ke damunsa. A Markus sura 7, da aka kawo wa Yesu kurma, sai da ya janye shi daga cikin taro tukuna, bai mai da shi abin kallo ba.

Akwai alamu uku da ba a jira da su: ƙara a kunne ɗaya kaɗai, ƙarar da ke bugawa daidai da bugun zuciya, da kuma ji ya ɗauke farat ɗaya. Mai irin wannan ya fara da babban asibiti mafi kusa ya nemi a tura shi wurin likitan kunne, ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da aka kafa a Kaduna a 1999. Na san halin hanya da na aljihu, amma abin da ake kashewa wajen kwalabe a shekara ya isa kuɗin mota. A daina zuba manja ko ruwan albasa a kunne, a daina sosa shi da gashin kaza ko tsinken ashana, domin in fatar dodon kunne ta huje duk abin da aka ɗiga ciki yake wucewa.

Kafin mu nuna mai mota da yatsa kuma, mu dubi lasifikokinmu. Masana sun ce ƙarar da ta kai desibel 85 tana cutarwa in an daɗe a cikinta, alamarta kuwa ita ce sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. A majami'u nawa ne muke dasa manyan lasifikoki a ɗakin da muryar mai wa'azi kaɗai ta isa, mu kuma zaunar da yara a gabansu tun daga waƙar farko har albarka? A taron farkawa da bukukuwan aure ma abin ya fi haka. Na kai wannan magana gaban dattawanmu, an yi gardama, matasan mawaƙa ba su ji daɗi ba, amma an yarda a ɗaga lasifikokin sama, a kuma mai da bencin yara ɗaya gefen.

Shi kuwa Baba, na mayar masa da kwalbarsa na nuna masa cewa babu sunan kamfani ko adireshi a jikinta, balle abin da aka haɗa ta da shi. Na ce ya gaya wa mai maganin ya zo da takardar izininsa, mu tafi tare wurin jami'in lafiya, in ta tabbata ni da bakina zan yi sanarwar. Ya isar da saƙon, har yau ba mu ga mutumin ba. Zumuntar maza ta haɗa wa Baba kuɗin mota zuwa Katsina, aka auna shi aka ce jinsa ya ragu a kunnuwa biyu, aka rubuta masa na'urar ƙara ji wadda har yanzu muna tara kuɗinta. Ƙarar tana nan. Yaron da ya gaje shi a bakin injin niƙa dai yanzu da abin toshe kunne yake aiki.